Yadda Ake Canza Fulogin Akori-Kura a Gida

Akori-kura ba ta kwanciya ciwo rana ɗaya. Da farko sai an murɗa makulli sau biyu ko uku da asuba kafin ta ɗauka. A kwana a tashi, idan ta tsaya a danja, sitiyari ya riƙa kakkarwa a hannun direba. Ranar da ta ɗauko buhunan masara daga kasuwar Dawanau kuwa, ta zo hawan gada, ana taka totur sai ta riƙa fizga kamar dokin da aka ja wa linzami, man da ya saba kai ta Zariya ya dawo da ita kuma ya ƙare tun a hanya. Idan alamu suka taru haka, abin da ake fara zargi wani ɗan ƙarfe ne da bai fi tsawon yatsa ba, wato fulogi.

Tun da aka janye tallafin man fetur a Nijeriya a watan Mayun 2023, mai motar haya ko ta gona ya koma lissafin kowace lita. Fulogin da ya gaji yana barin fetur ya fita ta salansa bai ƙone ba, kuɗi ke nan suna bin iska. Canza shi kuwa yana cikin ayyukan da mai mota zai iya yi da kansa a ƙofar gida, cikin kamar awa ɗaya, da kayan aiki 'yan kaɗan. Aikin ba ya buƙatar ƙarfi. Inda haɗarinsa yake wuri ɗaya ne: ramin da ake murɗa fulogin a ciki. Kan injin yawancin motoci na alminiyom ne, ƙarfe mai laushi, kuma haƙoran ramin, waɗanda kanikawa ke kira tiredi, ba sa yafe gaggawa. Duk matakan da ke tafe, tsare wannan tiredin suke yi.

Aikin da fulogi ke yi

Fulogi shi ne ƙyastun inji. Fistin zai sauka ya shaƙo iska da fetur, ya hau ya matse su, sai fulogi ya ƙyasta wuta, abin ya kama, ƙarfinsa ya tunkuɗa fistin ƙasa. Batirin mota volt 12 kawai yake bayarwa, wanda bai isa ya tsallaka ko'ina ba. Kwayil ne ke ɗaga wannan wuta ta kai volt 20,000 ko fiye, har ta yi tsalle tsakanin tsinin fulogi da ɗan lanƙwasasshen ƙarfen da ke kansa, tazarar da ba ta wuce kimanin milimita ɗaya ba.

Dabarar ta tsufa. A 1860 Étienne Lenoir ya yi amfani da tartsatsin lantarki wajen kunna injinsa a birnin Paris, a 1902 kuma wani injiniyan kamfanin Bosch a Jamus, Gottlob Honold, ya fito da na'urar kunnawa mai ƙarfin wuta wadda ta sa fulogi ya zama abin dogaro. Har yau tsarin bai sauya ba: ƙarfe a tsakiya, farin tangaran ya kewaye shi don kada wuta ta ɓalle, sai gangar ƙarfe mai tiredi.

Wahalar da yake sha ba kaɗan ba ce. Idan inji na juyi 3,000 a minti, kowane fulogi yana ƙyastawa sau 25 a daƙiƙa, wato sau 90,000 a tafiyar awa guda. Kowane tartsatsi yana cin wani ɗan abu daga bakin ƙarfen. A hankali tsini ya dakushe, tazara ta buɗe, sai kwayil ya ƙara yunƙuri kafin wuta ta tsallaka. Wanda ya bar tsohon fulogi ya daɗe, ƙarshenta kwayil zai saya, shi kuwa ya ninka fulogi tsada.

A fara sanin irin motar

Injin dizal, wanda ake kira gas, ba shi da fulogi sam. Matsi ne ke kunna mansa. Abin da yake da shi hita ce mai ɗumama silinda lokacin tayarwa, aikinta daban, canjinta daban. Mai Hilux ta dizal ba wannan jagora ce tasa ba.

Masu fetur kuwa gida biyu ne. Akwai tsofaffi masu dilko, irin su Fijo 404 da 504 da masana'antar da aka buɗe a Kaduna a 1975 ta riƙa harhaɗawa, da Hilux mai injin 22R. A waɗannan, kwayil ɗaya ne, dilko ke raba wuta, wayoyi masu kauri su kai ta kan kowane fulogi. Akwai kuma na zamani, kamar Hilux mai injin 2TR-FE, lita 2.7, inda babu dilko babu wayoyi, kowane fulogi da nasa kwayil a zaune a kansa, an ɗaure shi da noti ɗaya. Mai silinda huɗu fulogi huɗu, mai shida shida, kuma gaba ɗaya ake canza su. Sabo ɗaya cikin tsofaffi uku ba ya daidaita inji.

Sayen fulogi

Mafi yawan kuskure a kasuwa ake yin sa, tun ba a taɓa sufana ba. Fulogi ba a sayen sa da ido, da lamba ake saye. Lambar tana cikin littafin mota, idan kuma littafin ya ɓace, sai a nemi ta ta hanyar sunan injin da shekarar motar. Ba a dogara kacokan da abin da aka tarar a jikin inji, don mai yiwuwa wanda ya saka shi a baya abin da ya samu kawai ya ɗaura.

Haruffan jikin fulogi magana suke yi. A BP6ES na kamfanin NGK, wanda tsofaffin motoci da yawa ke amfani da shi, B na nufin kaurin tiredi milimita 14, P na nufin tsinin ya leƙo waje, 6 ita ce lambar zafi, E kuma tsawon tiredi milimita 19. Inda aka ga R, akwai abin da ke hana wutar fulogi damun rediyo da kwamfutar mota, kuma motar zamani dole sai da shi. Inda lamba ta ƙare da 11, kamar SK20HR11 na Denso da injin 2TR-FE ke ɗauka, ana nufin tazarar bakinsa milimita 1.1 ce.

Tsawon tiredi ba abin wasa ba ne. Wanda ya yi tsawo zai leƙa cikin silinda har fistin ya iya dukan sa. Wanda ya yi gajarta zai bar sauran haƙoran rami a buɗe, gawayi ya cike su, ranar da aka zo saka na daidai ya ƙi shiga.

Lambar zafi kuma tana nuna saurin da fulogi ke sauke zafi daga bakinsa. Bakin yana son ya kai wajen digiri 450 zuwa 500 don ya ƙone dattin da ke taruwa a kansa, amma idan ya haura wajen digiri 850 sai ya zama garwashi, ya kunna fetur tun lokaci bai yi ba, wanda hakan kan huda fistin. A NGK da Denso, babbar lamba tana nufin fulogi mai sanyi. A Bosch da Champion akasin haka ne. Saboda haka 6 ɗin wannan kamfani ba 6 ɗin wancan ba ce.

Sai ƙarfen da aka yi bakin da shi. Na talaka, mai bakin nikel da jan ƙarfe a ciki, yana da araha, ana canza shi bayan kimanin kilomita 20,000 zuwa 30,000. Mai filatinam ya fi shi ƙarko. Mai iridiyam, ƙarfen da sai zafi ya haura digiri 2,400 yake narkewa, ana yi masa tsini siriri kamar allura, milimita 0.4 zuwa 0.6, kuma nagarinsa kan kai kilomita 100,000. Motar da ta zo da fulogin iridiyam, iridiyam ake mayar mata. Tsohuwar Fijo mai kafireta kuwa na nikel ya ishe ta. Masu motocin da aka mayar su suna amfani da iskar gas ta CNG su sani cewa ita ta fi fetur wuyar kunnuwa, tana gajiyar da fulogi da wuri, don haka dubawarsu ta fi ta sauran yawa.

A Kofar Ruwa ta Kano, da Panteka ta Kaduna, da Ladipo ta Legas, akwai na gaske akwai jabu, sau da yawa a kwali iri ɗaya. Iridiyam aka fi kwaikwaya saboda tsadarsa. Farashin da ya faɗi ƙasa warwas shi ne alama ta farko. Sai rubutun jikin tangaran da ya dusashe ko ya karkace, da washa mai zamewa ta fita da kanta, da tiredi mai kaushi, da tsinin da ya yi kauri alhali an ce iridiyam ne. Mai mota ya riƙe dillali ɗaya da ya san shi, wanda zai iya komawa wurinsa.

Kayan aiki

Babban kayan aiki shi ne bokis na fulogi, soket mai zurfi da ke da roba ko maganaɗisu a ciki don ya riƙo fulogi daga rami. Tsofaffin motoci lamba 21 suke ɗauka, na bayansu 16, wasu sababbi kuma 14. Ana buƙatar hannun rachet da sandar ƙari, don a Hilux ta zamani da Fijo 504 duka fulogin yana can ƙasan wani bututu mai zurfi. Sai soket lamba 10 na notin kwayil, da ma'aunin tazara mai 'yan siraran wuƙaƙe, da famfon keke ko wani abin hura iska, da tsumma mai tsabta, da guntun tiyo na roba kamar kamu ɗaya wanda kan fulogi zai shiga ya kama. Wanda ya samu sufanar awon ɗauri, mai yin ƙas idan an kai adadin da aka saita, ya huta da kintace. A tanadi kwali ɗaya, a rubuta 1 zuwa 4 a kai.

Kafin a taɓa komai

Inji ya huce sarai. Mafi kyau a yi aikin da safe, motar ta kwana ba ta tashi ba. Alminiyom mai zafi yana ƙara laushi, kuma ya fi ƙarfen fulogi buɗewa da zafi, don haka kwance fulogi a inji mai zafi hanya ce ta fizgo tiredi tare da shi, ban da ƙunar hannu. A ajiye mota a wuri mai lebur da inuwa, a ja birkin hannu, a zare makulli a saka aljihu. A cire kan batir mai alamar ɗebewa, a kawar da shi gefe. Agogon mota da tashoshin rediyo za su iya gogewa, wannan ba komai ba ne.

A ɗauki hoton saman injin da waya. Daga baya, idan an rasa inda wani tiyo ko wata waya take, hoton zai tuna.

Kwancewa

Silinda ɗaya ake gamawa kafin a shiga ta gaba. Wannan ƙa'ida ta fi muhimmanci a mota mai dilko. Yawancin injuna masu silinda huɗu suna kunnawa ne a jerin 1-3-4-2, kuma idan wayoyi biyu suka yi musanye, mota za ta riƙa harbi ta salansa ko ta ƙi tashi. Fijo ma ta ƙara da nata: Faransawa daga ɓangaren giya suke fara ƙirga silinda, ba daga ɓangaren fanka ba. Wanda ya zare wayoyi huɗu a lokaci guda ya jawo wa kansa aikin da babu dalili.

Ba a jan waya ta tsakiya. Robar da ta rufe kan fulogi ake kamawa, a murza ta hagu da dama har ta saki, sannan a zaro. A mota mai kwayil a kai, a danna ɗan harshen soket ɗin wuta a zare shi a hankali, don zafin shekaru yana busar da robar ta zama kamar ƙwai. A kwance notin, a murza kwayil, a ɗago shi a miƙe.

Yanzu a leƙa ramin da tocila. Motar da ke bin hanyar ƙauye, ta sha ƙurar hunturu, ramin fuloginta ba ya rasa yashi da ɓurɓushin ƙaiƙayi. Da zarar an cire fulogi, duk abin da ke ramin cikin silinda zai faɗa, kuma yashi tsakanin fistin da bango sanfefa ne. A hure ramin sosai, a kawar da fuska. A sassauta fulogi zagaye ɗaya, a sake hurewa, don dattin da ya maƙale a gindinsa sai a lokacin yake saki.

Hagu ake murɗawa a kwance. Bokis ya zauna sosai a kan fulogi, hannu ɗaya ya tallafi kan rachet don sanda ta tsaya a miƙe, in ta karkace tangaran zai fashe. Ɗan yunƙuri ɗaya a tsanake ya isa ya saki, daga nan ya kamata ya riƙa juyawa cikin sauƙi. Idan ya saki sannan ya sake cijewa, ko ya riƙa ƙugi, a dakata. A fesa man sassauta tsatsa a gindinsa, a ba shi kamar minti 15, a mayar da shi dama kaɗan, a dawo da shi hagu kaɗan, ana yi ana ƙara gaba. Ba a ƙara wa hannun sufana bututu don a samu ƙarfi.

Misalin da kanikawan Amurka ba sa mantawa shi ne na Ford F-150 mai injin Triton, lita 5.4, na shekarun 2004 zuwa 2008. Fuloginta gaɓa biyu ne, gawayi kan kama dogon bakinsa, ana kwancewa sai ya karye rabi ya zauna a cikin kan inji. Abin ya yawaita har kamfanin ya fitar da umarni na musamman: inji ya huce, a sassauta ɗan kaɗan kawai, a zuba maganin wanke kafireta, a jira, sannan a ci gaba. Har na'ura aka ƙera ta zaro guntun da ya karye. Irin waɗannan motoci suna shigowa Afirka ta Yamma a matsayin na hannu, kuma wanda ya mallaki ɗaya, gara ya kai ta wurin bakaniken da ke da wannan na'ura.

Abin da tsohon fulogi ke faɗa

Kowane fulogi da ya fito a ajiye shi a kan lambarsa a kwali. Shi kaɗai ne ya zauna cikin silinda ya ga abin da ke faruwa, kuma launin bakinsa rahoto ne.

Idan bakin ya yi ruwan ƙasa mai haske ko toka-toka, a bushe, inji lafiya lau yake, tsufa ne kawai ya kama fulogi. Baƙi busasshe mai kama da kunkunniya yana nuna fetur ya fi iska yawa. A duba filtar iska, wadda ƙura ke toshewa da wuri a ƙasar Hausa, sai kafireta da cok a tsohuwar mota, ko injekta a sabuwa. Motar da kullum gajeriyar tafiya take yi a cikin gari, ko take daɗewa a silo, ita ma takan yi haka don fulogi bai samun zafin da zai wanke kansa.

Baƙi mai danshi da maiƙo magana ce ta daban. Baƙin mai ne ke shiga silinda, ko ta ringi da ya ci, ko ta robobin bawul. Galibi mai motar ya riga ya lura yana yawan ƙarin mai, salansa kuma tana fitar da hayaƙi shuɗi-shuɗi. Sabon fulogi zai ɗan rufa asiri na makonni, sannan shi ma ya jiƙe. Amma idan man a jikin tangaran da cikin rami yake, bakin kuwa a bushe, to gaskit ɗin murfin saman inji ne ke yoyo, gyara mai sauƙi, sai dai a yi shi da wuri don man yana ruɓar da robar kwayil.

Fari fat mai ƙuraje, ko tsinin da ya fara narkewa, alamar zafi ne fiye da kima: ko fetur ya yi kaɗan, ko iska na satar shiga ta wani tiyo da ya tsage, ko an saita dilko ya yi gaba, ko lambar zafin fulogin ba ta dace ba. Wannan ba a jinkirta shi. Idan kuma uku sun yi launi ɗaya, na huɗu ya fito tas kamar an wanke shi, ruwan lagireto yana raguwa ba a ga inda yake zuba ba, to ruwa ne ke shiga wannan silinda ta gaskit ɗin kan inji.

Zoben ruwan ƙasa da kan fito a gindin tangaran, dab da ƙarfe, ba lahani ba ne, ko da yake wasu na ɗauka yoyo ne. Abin tsoro shi ne siririn baƙin layi mai kama da zanen fensir da ya bi tsawon tangaran. Hanyar da wuta ta riƙa bi ce tana gudu ta waje. Irin wannan layi yana nan a cikin robar ma, don haka sai an canza ta, in ba haka ba za ta koya wa sabon fulogi hanyar.

A bakin titi an saba ganin ana ƙona fulogi, a kankare shi da buroshin waya, a mayar. Wannan dabarar kai mota gida ce. Ba ta dawo da ƙarfen da ya cinye, ga mai iridiyam kuwa kankara tana lalata tsinin gaba ɗaya.

Auna tazara

A jera sabo da tsoho kafaɗa da kafaɗa, a tabbatar tsawon tiredi ɗaya ne, kauri ɗaya, mazauni iri ɗaya. A duba tangaran ko ya tsage. Fulogin da ya faɗi a kan siminti ba a saka shi, ko da ido bai ga komai ba.

Tsofaffin motoci masu dilko galibi tazarar milimita 0.7 zuwa 0.8 suke so, na zamani da yawa 1.0 zuwa 1.1, amma adadin da littafin motar ya faɗa shi ne hukunci. A zura wuƙar ma'auni mai wannan lamba, ta shiga da ɗan ja kaɗan. Idan ana buƙatar gyara, lanƙwasasshen ƙarfen gefe kawai ake taɓawa, ba a dogara komai a kan tsinin tsakiya. Mai iridiyam yakan zo a saite daga masana'anta. Idan tazararsa ta saɓa sosai, lambar ce ba daidai ba, a mayar wa mai shago.

Ɗaurawa

Nan ne zuciyar aikin. Tiredin sabon fulogi a bushe ake saka shi. NGK ta yi gargaɗin kada a shafa masa man hana kamawa, don an riga an yi masa rufi na musamman, kuma maiƙo yana sa a ɗaure fiye da kima ba a sani ba. Giris da baƙin mai ma haka.

Ba a sakin fulogi ya faɗa rami, bakinsa zai bugu tazara ta rufe. A cusa kansa cikin guntun tiyon nan, a saukar da shi a hankali, a fara murɗawa dama da yatsu. Amfanin tiyo shi ne, idan fulogi ya hau tiredi a karkace, tiyon zai zame maimakon ya tilasta shi. Wanda ba shi da tiyo ya yi amfani da bokis da sandar ƙari kaɗai, ba tare da rachet ba. Fulogin da ya hau daidai zai yi ta juyawa da yatsu zagaye bayan zagaye har washa ta taɓa mazauninta. Idan ya cije a zagaye na biyu ko na uku, a dawo da shi, a goge, a sake farawa. Rachet ba ya shiga aikin sai yatsu sun kai fulogi ƙasa.

Sannan a ɗaure da awo. Injunan Toyota da yawa suna neman wajen niyutan-mita 18 zuwa 20, wasu motocin kuma 25 zuwa 30, gwargwadon abin da littafi ya ce. Wanda ba shi da sufanar awo sai ya bi ƙa'idar masu ƙera fulogi: sabo mai washa, bayan ya zauna da hannu, a ƙara masa kimanin rabin zagaye. Hannu zai ji washa tana lotsawa, sannan ta tsaya, a nan ake tsayawa. Tsohon da aka cire aka mayar, washarsa ta riga ta lotsa, kashi ɗaya cikin 12 na zagaye ya ishe shi. Wanda ba shi da washa, mai gindi kamar mazurari, kashi ɗaya cikin 16 kawai yake so.

Kuskure ta kowane ɓangare yana da farashi. Wanda bai ɗauru ba ba ya sauke zafinsa cikin kan inji, zai yi zafi, ya riƙa motsi yana cin tiredi, wata rana matsin silinda ya harbo shi waje. Wanda aka matse da yawa gangarsa na miƙewa, ya karye, ko ya tsinke haƙoran alminiyom. Idan ana cikin ɗaurewa aka ji sufana ta yi laushi tana juyawa ba ta kamawa, tiredi ya tafi. A tsaya nan. Gyaransa sai bakaniken da zai sake yanka ramin ya dasa masa sabon tiredi na ƙarfe, wani lokaci ma sai an sauke kan inji.

A mayar da waya har a ji ta yi ƙas a kan fulogi, ko a zaunar da kwayil, a ɗaure notinsa kaɗan-kaɗan don ƙarami ne, a mayar da soket ɗin wuta. Sannan a wuce silinda ta gaba, a maimaita komai daga hura iska.

Tayarwa da gwaji

Idan an gama duka, a ƙirga kayan aiki, a tabbatar babu tsumma ko soket kusa da fanka, a kwatanta inji da hoton da aka ɗauka, a mayar da kan batir. Mota ta kamata ta ɗauka a bugu ɗaya, silo ya zauna lafiya. Motar zamani takan ɗan yi sama da ƙasa na 'yan mintoci bayan an cire batir, kafin kwamfutarta ta sake daidaitawa. Ba a taɓa waya ko kwayil inji yana aiki. Sautin tsit-tsit daga wajen wani fulogi yana nufin bai zauna ba, a kashe a duba.

A fita da ita, a nemi ɗan hawa, a taka a ji. Idan har yanzu tana fizga, mai dilko ya duba wayoyi da murfin dilko. Mai kwayil a kai kuwa na'urar karanta kwamfutar mota za ta nuna masa wurin: P0301 silinda ta ɗaya ce ke tsallake wuta, P0302 ta biyu, haka har ƙarshe. Sai a musanya kwayil ɗin wannan silinda da na maƙwabciyarta. Idan matsalar ta bi kwayil ta koma can, an kama mai laifi. Fitilar inji da ke walƙiya a dashbod tana cewa ɗanyen fetur na isa matatar hayaƙin da ke jikin salansa, wadda kanikawan Nijeriya ke kira indomi saboda kamannin saƙarta, kuma zai iya narkar da ita. Mota a wannan hali ba a ɗora mata kaya a kama hanya.

Abu na ƙarshe biro ne. A rubuta kwanan wata, da kilomitar da ke kan mita, da lambar fulogin da aka saka, a cikin littafin mota ko a bayan kwalin da suka zo ciki, a ajiye a aljihun dashbod. Tsofaffin huɗun kuma a naɗe su a jere, kowanne da lambarsa. Biyu mafiya kyau su zauna a mota tare da bokis saboda tafiyar daji, sauran kuma, idan akwai wanda ya fito da maiƙo ko fari fat, a tafi da shi gareji a nuna wa bakanike tare da lambar silindar da ya fito daga ciki.